Inda motocin RV ke kwana a bakin teku: zango ne, a daina ce masa sansani

Duk shekara daga watan Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da guguwar tekun Atlantika ke kaɗawa, labaran Amurka kan cika da haruffa biyu: RV. An umarci masu RV su bar bakin teku, iska ta kifar da RV, ruwa ya tafi da RV. Ga kuma bidiyoyin masu yawo da su sun cika YouTube da TikTok. RV gajartar kalmomin Turanci biyu ne masu nufin motar shaƙatawa, wato mota mai gado da kicin da banɗaki a cikinta, ko mai injinta ko wadda ake ɗaura wa wata motar ta ja. Duk wanda ya ga hotonta ya gane. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunan da muke ba wa wurin da motocin ke tsayawa su kwana.

Lokacin guguwar Ian, wadda ta afka wa yankin Fort Myers na jihar Florida ranar 28 ga Satumba, 2022, ina zaune a teburin mai shayi na ji mai karanta labarai ya ce ruwa ya share "sansanoni" a bakin teku. Wani dattijo da ke gefena ya ajiye kofinsa ya ce, "Allah sarki, ashe su ma suna da 'yan gudun hijira." Laifin ba nasa ba ne, abin da aka faɗa masa ya ji. A wani rubutun kuma na ga an ce "tashar tirela", wanda ya fi muni, domin Bahaushe in ya ji tirela, Tafa ko Mararrabar Jos ce za ta faɗo masa a rai, da manyan motocin siminti da tankokin mai jere a gefen titi.

Sansani asalinsa na yaƙi ne, inda mayaƙa ke taruwa kafin a gwabza. Daga baya muka samu sansanin 'yan gudun hijira, da na masu yi wa ƙasa hidima, da na alhazai. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su: hukuma ce ta tara mutane a wurin, ita ce kuma ke cewa yaushe za a tashi. Shi kuwa mai RV da ƙafarsa ya zo, da kuɗinsa ya biya, ya kwana biyu ko mako, ranar da ya ga dama ya naɗe kayansa ya yi gaba. Muna da kalmar wannan tun kafin a ƙera mota. Zango.

Fataken da suka riƙa tafiya daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, tafiyar watanni suke yi, kuma ba a ko'ina ake sauke kaya ba. Madugu uban tafiya shi ne ya san inda za a ya da zango. Yana duba ko akwai ruwan sha, ko dabbobi za su samu ciyawa, ko sarkin garin zai karɓi ayari a kan fito mai sauƙi, ko wurin na da hatsarin 'yan fashi. Kalmar ta yi ƙarfi har ta zama ma'aunin tafiya, ka ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne, har ta shiga makaranta ta zama zangon karatu. Wasu zangunan suka zama garuruwa, kamar Zangon Daura da Zangon Kataf. Bayan yaƙin basasar 1892 a Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja a ƙasar Gana ta yau, 'yan kasuwa suka watsu, unguwannin Zango suka ƙara haɓaka a Kumasi da Akra, kuma har yau akwai Zango a Lome da Kwatano, dab da teku. Ke nan zangon Bahaushe ma ya daɗe da isa gaɓar ruwan gishiri.

Turanci ma ta wannan hanyar ya bi. A Ingila motar kwanan da ake ja sunanta karaban, kalmar da ta fito daga Farisanci, kuma ma'anarta ta asali ita ce ayari. A 1885 wani likita, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗakin kwana don yawon shan iska kawai, kuma ita ake ɗauka a matsayin ta farko a irinta. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Birtaniya. Su sun ɗauki sunan ayari sun ba wa motar, mu kuwa da muke da ayari da zango a bakinmu sai muka je muka ɗauko kalmar yaƙi.

In ka riƙe kalmar zango, tambayar da Amurkawa ke yawan yi wa juna, wato ina ne wuri mai kyau kusa da teku, sai ta zama tambayar madugu. Na farko ruwa. Zango cikakke shi ne wanda kowane gurbi ke da famfo, da soket ɗin wuta mai ƙarfin amfiya 30 ko 50, da bututun da za a juye ruwan wanka da na banɗaki. Wani wuri wuta da ruwa kawai za ka samu, sai ka tuƙa zuwa ramin juyewa a bakin ƙofa. Wani kuma babu komai. Kirk Creek da ke Big Sur a Kalifoniya yana kan tudu ne, tekun Pasifik na ƙarƙashinka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma babu wuta, babu ruwan sha, da tankinka cike za ka zo. Hanyar zuwa can ma, babbar hanya mai lamba 1, zaftarewar ƙasa kan rufe ta na watanni. A ɗaya ɓangaren ga Fort Stevens a jihar Oregon, inda kogin Columbia ke shiga teku, mai ɗaruruwan gurabe da wuta da ruwa, amma cikin bishiyoyi yake, sai ka taka kafin ka ga rairayi da ƙarafan jirgin ruwan Peter Iredale da ya maƙale a wurin tun 1906. Sau da yawa haka abin yake: wurin da ya fi kusa da ruwa shi ya fi ƙarancin kayan more rayuwa. Shi ya sa kalmar "bakin teku" a tallan masu filaye ba ta isa hujja ba, mutane kan buɗe taswirar tauraron ɗan'adam su auna nisan da idonsu.

Sai lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan karin maganar ta zauna daram. Filayen gwamnatin Kalifoniya da na Oregon ana buɗe kama gurbi ne wata 6 kafin ranar zuwa. A Florida wata 11 ne ga 'yan jihar, 10 ga baƙi, kuma wuri irin Bahia Honda da ke tsibiran Keys kan cika kusan da zarar an buɗe, saboda tsofaffin da suka yi ritaya a Kanada da arewacin Amurka da ke gudun sanyi su yi kudu kowane hunturu. Cunkoson ya ƙaru bayan korona: a 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da RV sama da 600,000, akasarinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiana, alhali gaɓar teku ba ƙaruwa take yi ba.

Ni dai na fi ganin ƙimar filayen gwamnati a kan na 'yan kasuwa masu wurin ninƙaya da kwalta ko'ina, inda ake jera motoci kamar kifin gwangwani a kuma caji kuɗin otal. Oregon ta burge ni a nan, domin tun 1967 ta yi dokar da ta tabbatar wa jama'a 'yancin shiga rairayin bakin tekunta, mai kuɗi ba zai kewaye ya hana talaka wucewa ba.

Akwai kuma wani rukuni da ba na so a cusa su cikin masu shaƙatawa. A Los Angeles da wasu biranen gaɓar yamma za ka ga tsofaffin RV a gefen titi, tayoyi sun sace, an rufe rufin da leda. Waɗannan kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu. Haka ma unguwannin gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a kawo a dasa, inda mutane ke shekaru, ba matafiya ba ne, gidansu ke nan. In guguwa ta taso hukumomin Florida kan umarci duka su tashi tun da wuri, mai RV da mai gidan dasawa, domin iska ba ta da wuyar ɗaga su. Amma mai yawon buɗe ido zai cire wayar wuta, ya naɗe rumfarsa, ya kunna mota ya yi arewa. Ɗayan kuwa makarantar da aka mayar mafaka zai nufa da jaka ɗaya a hannu, kuma a can ne kalmar sansani ta dace da shi.