Yadda ake daidaita hasken gashin ciwon daji da siffar ƙarin ƙwaƙwalwa

Me ya sa sai an daidaita siffar hasken?

Saboda ƙari ba shi da siffa ɗaya, kuma sau da yawa yana zaune dab da jijiyar gani ko tushen ƙwaƙwalwa. Ga ƙari mai tsanani irin gliyobilastoma, akan ba da gire 60 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken) a zama 30, adadin da ya fi ƙarfin jijiyar gani. In hasken ya zarce da 'yan milimita kaɗan, ana iya kashe ƙarin amma mutum ya rasa ganinsa.

Da me ake yin wannan aiki?

Da can, ana narka wani haɗin ƙarfe mai narkewa a zafin digiri 70, a zuba shi a bar rami mai siffar ƙarin kowane majiyyaci, inda hasken zai bi. Yanzu a bakin injin gashin akwai siraran faifan ƙarfen tungsten, MLC ake ce musu, wasu injuna 120, wasu 160. Kowane faifai da motarsa. Kwamfuta na tura wannan, ta janye wancan, kamar yatsun hannu biyu da ake buɗewa, har ramin da ke tsakiya ya yi daidai da inuwar ƙarin. Faɗin faifan yawanci milimita 5, na aikin ƙwaƙwalwa kuwa har 2.5. A dabarar VMAT, injin na zagaya kan majiyyaci faifan suna motsi, ƙarfin hasken na sauyawa, sai a lanƙwasa hasken ya kauce wa jijiya.

To, ƙari ɗan mitsitsi fa?

Nan ake amfani da mazurari mai zagayen rami, ko injin Gamma Knife, wanda likita Lars Leksell ya ƙirƙiro a Suwidin, aka fara aiki da shi a 1968. Na zamani yana haɗa haske 192 na kobalt-60, wani ƙarfe mai fitar da hasken gashi, a wuri guda, ta ramuka masu milimita 4, 8 ko 16.

Firoton ya fi su duka ne?

Firoton wani nau'in hasken gashi ne da ke sauke ƙarfinsa a zurfin da aka tsara ya tsaya, don haka abin da ke bayan ƙarin ya tsira. Wannan babban abu ne ga yara, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke kan girma. Amma ina ganin kuskure ne a bi sunan inji. Girman ƙarin, siffarsa, da abin da ke maƙwabtaka da shi su ke zaɓar hanya, kuma dole abin rufe fuska da aka gasa daidai kan majiyyaci ya hana shi motsi.