Tantance Bayanin Kayan Aiki ga Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira Masu Gwajin Hada-hadar Bulokcen

Bayanin kayan aiki shi ne rubutun da ake ba wakilin ƙirƙirarriyar basira domin ya san abin da wata manhaja take yi, yaushe zai kira ta, da me zai saka mata. A tsarin Model Context Protocol (MCP) na haɗa wakilai da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, kowane kayan aiki yana da suna, da bayani cikin magana, da jerin guraben da za a cike, wanda ake tsarawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace siffar bayanai. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar, wannan rubutu kawai yake karantawa. A harkar kuɗin kirifto, inda ake rubuta hada-hada a bulokcen, wato kundin intanet mai bulo-bulo na bayanai a jere kamar sarƙa, kuma wadda ta tabbata ba ta warwaruwa, ana fara yin gwaji na kwaikwayo kafin a tura kuɗi, kuma ingancin gwajin ya rataya a kan bayanin.

Gwaji da turawa

A bulokcen na Ethereum, umarnin eth_call yana gudanar da hada-hada a kan kwafin halin da bulokcen yake ciki ba tare da rubuta komai ba, eth_estimateGas yana ƙiyasta gas ɗin da za a kashe, wato ma'aunin aikin da ake biyan kuɗinsa, eth_sendRawTransaction kuwa shi ne mai tura kuɗi da gaske. Solana, wani bulokcen dabam, tana da nata, simulateTransaction. Abu na farko da mai tantancewa yake dubawa shi ne ko bayanin ya faɗi ƙarara cewa wannan gwaji ne, ba ya sa hannu, ba ya turawa. Akwai alamar readOnlyHint a MCP, mai nuna cewa kayan aikin ba ya sauya komai, amma ƙa'idar da kanta ta ce manuniya ce kawai, ba a dogara da ita daga sabar da ba a amince da ita ba.

Ma'aunin kuɗi

Nan ne aka fi yin ɓarna. Ether shi ne kuɗin Ethereum, wei kuma ƙaramin ma'auninsa: ether ɗaya wei ne 10^18. USDC da DAI wasu kuɗaɗen kirifto ne: USDC a Ethereum tana da gurabe 6 bayan ɗigo, DAI tana da 18, don haka USDC 5 a wajen kwantiragi, wato manhajar da ke kula da kuɗin a bulokcen, 5,000,000 ce. Idan bayanin ya ce "adadin kuɗi" ya yi shiru, wakilin zai yi hasashe. In ya lissafa USDC da gurabe 18, adadin ya ninka sau tiriliyan ɗaya, gwajin ya faɗi saboda kuɗi bai isa ba. Wannan da sauƙi, don kuskuren ya fito fili. Mummunan shi ne ya rubuta 5 a inda ake son ƙaramin ma'auni. Gwajin zai wuce lafiya lau da USDC 0.000005, wakilin kuma ya ba da rahoton nasara.

Sunan kuɗi ma ba ya wadatarwa: kuɗin USDT a Ethereum gurabenta 6 ne, wadda ke bulokcen na BNB Chain kuwa 18. Shi ya sa ake tilasta saka lambar sarƙa, wato lambar da ke bambanta kowane bulokcen: 1 ga Ethereum, 56 ga BNB Chain, 137 ga Polygon, 11155111 ga dandalin gwaji na Sepolia. Kuma adadin ya shiga a matsayin rubutu, ba lamba ba, domin harshen manhaja na JavaScript yana fara rasa daidaito bayan 2^53, wanda a wei bai kai ether 0.01 ba.

Sai adireshin mai turawa. Idan aka bar shi fanko a eth_call, yawanci ana ɗaukar adireshin sifiri, sakamakon ya zama na wani asusu dabam. Haka musayar kuɗin ERC-20, irin su USDC da DAI, a dandalin musaya na Uniswap tana buƙatar izini daga mai asusu tukuna. Gwajin musayar ita kaɗai zai faɗi, sai dai kayan aikin yana iya jera matakai a gwaji ɗaya, kamar yadda eth_simulateV1 yake yi.

Yadda ake tantancewa

Karatun bayani da ido ba ya isa, domin wanda ya rubuta shi ya riga ya san abin da yake nufi. Ana kwafo bulokcen a kwamfuta da manhajar gwaji irin su Anvil na Foundry ko Hardhat, a tsayar da shi a lambar bulo ɗaya don kada sakamako ya riƙa sauyawa. Sai a ba wakilin ayyuka da aka san amsarsu, a duba ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ya cike guraben daidai, kuma rahotonsa ya yi daidai da abin da gwajin ya nuna. Kowane aiki ana maimaita shi, tunda wakilin ba ya amsa iri ɗaya kullum, kuma jimla ɗaya ta bayanin ake sauyawa a kowane zagaye don a gane wadda ta yi tasiri. A cikin ayyukan ana sa waɗanda amsarsu ita ce ya tsaya ya yi tambaya, misali a ce masa "gwada tura USDT 20" ba a faɗi sarƙa ba.

Saƙon kuskure ma ɓangare ne na abin da ake aunawa. Bayanan kuskuren da kwantiragi ya dawo da su, idan suka fara da 0x08c379a0, suna ɗauke da dalilin faɗuwa a rubuce. Kayan aikin da ya warware su ya fi wanda ya ce "ya faɗi" kawai.

Iyakar sakamako

Tun Satumban 2022 Ethereum take fitar da bulo kusan duk daƙiƙa 12, farashi da abin da ke cikin kwantiragi na iya sauyawa tsakanin gwaji da turawa, wasu kwantiragin damfara ma da gangan ake gina su haka. Don haka ana so kayan aikin ya dawo da lambar bulon da aka yi gwajin a kai, mai tantancewa kuma ya ɗauka kuskure ne idan wakilin ya ce "zai wuce" a inda ya kamata ya ce "ya wuce a bulo kaza".