Tallafin marayu da zawarawan rikicin Boko Haram a Borno

Wannan ya shafi taimakon da ake ba yara da matan da suka rasa nasu a hare-haren Boko Haram tun rikicin Maiduguri na watan Yulin 2009. A wajajen 2017 gwamnatin Borno ta ce marayun sun haura dubu 50, zawarawa ma haka, kuma wannan waɗanda aka iya ƙirgawa ne kawai.

Tarihi

Da farko dai dangi ne da maƙwabta suka ɗauki nauyin, mutum sai ya wayi gari da yaran ɗan'uwansa shida a gida ga nasa, babu wani ofishi da zai je. Makarantar da ta fi suna ita ce Future Prowess ta Barista Zannah Mustapha, ya buɗe ta a Maiduguri a 2007 da yara 36 tun rikicin bai ɓarke ba, da abin ya yi tsanani sai ya riƙa karɓar marayun kowane ɓangare, ɗan soja da ɗan wanda ya mutu yana yi wa ƙungiyar yaƙi duk aji ɗaya, karatu kyauta, ga abinci ga yunifom ga magani, iyayensu mata kuma a koya musu sana'a. Yana ma cikin waɗanda suka shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da wasu 82 a 2017, shekarar da ya samu kyautar Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

A Yulin 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa asusun tallafa wa waɗanda rikicin ya shafa, wato Victims Support Fund, ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma, an yi alƙawarin sama da naira biliyan 58 a taron tara kuɗi a Abuja, amma fa ba duka aka cika ba. Kashim Shettima shi ma, lokacin da yake gwamnan Borno, ya gina manyan makarantu don marayu.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, sai gidauniyar Neem ta Dr. Fatima Akilu mai zama da yaran da firgici ya hana barci. Ma'aikatan sun yi kaɗan.

Taƙaddama

Shirin gyaran halin tubabbun 'yan Boko Haram da aka fara a 2016 ya jawo ƙorafi, wasu zawarawa na ganin an fi kula da tubabbun a kansu. Gwamnati ta ce shirin na rage masu ɗaukar makami ne.