Wend: tsohon aikatau na Turanci da ya haifi went

Mece ce ma'anar wend?

Tafiya ce, amma ba ta gaggawa ba. Ana faɗinta ga abin da ke tafiya sannu a hankali ta hanya mai kwana da lanƙwasa: ayarin raƙuma tsakanin duwatsu, ko kogi da ke ratsa ƙauyuka. A Turancin yau da wuya ka gan ta ba tare da way ba. In aka ce they wended their way home, ana nufin sun kama hanyar gida, suna tafe ba sauri.

Daga ina ta samo asali?

Daga wendan ta tsohon Turanci, wadda ke nufin juyawa. Dangin wind (mai nufin naɗewa, ba iska ba) da wander ce, kuma har gobe Jamusawa na cewa wenden da wannan ma'anar. A ƙarshen ƙarni na 14, marubuci Chaucer ya yi amfani da ita a kan masu ziyarar ibada zuwa Canterbury a Ingila. A lokacin kalma ce ta kowa da kowa.

To me ya haɗa ta da went?

Nan ne daɗin zancen yake. Duk wanda ya zauna ajin firamare ya rera go, went, gone, kuma da yawa sun yi mamakin yadda went ba ta ko kama da go. Dalili shi ne ba 'yarta ba ce. Asalinta shuɗaɗɗen lokacin wend ce, kamar yadda send ke komawa sent. Ita go tana da nata, eode, wanda daga baya ya koma yode. Wajen ƙarni na 15 aka yi watsi da shi, go ta karɓe went, ita kuwa wend aka ƙirƙira mata wended. Ina ganin da malamai za su riƙa faɗa wa yara wannan, da haddar ta zo musu da sauƙi.

Zan iya amfani da ita a rubutuna?

Ƙwarai, a labari ko bayanin tafiya, inda kake son mai karatu ya ji jinkirin hanyar. Amma kada ka saka ta a takardar neman aiki ko hirar yau da kullum. Wanda ke sauri zuwa tasha kuwa, go ko walk sun wadatar.