Mene ne kosufure, kuma yaya ake haɗa littafin hotunansa?

Kosufure shi ne mutum ya yi shigar wani tauraro na anime, wato fina-finan katun na Japan, ko na labaran zane da ake kira manga, ko na wasan bidiyo, ya kwaikwayi tufafinsa da gashinsa da makaminsa, har da tsayuwarsa da kallonsa. Da Turanci ana rubuta kalmar cosplay, an kuma ƙirƙiro ta ne a Japan daga kalmomin Turanci biyu, na sutura da na wasa. Nobuyuki Takahashi ne ake dangantawa da fara amfani da ita a mujallar My Anime a 1983. Masu yin shigar suna kiran kansu "reya", masu bin su da kyamara kuma ana ce musu "kameko".

Shigar kwana ɗaya ce. Mutum zai kwashe makonni yana yanka wani soson roba da ake kira EVA yana lanƙwasa shi da zafi don ya fitar da sulke, yana aske hular gashi yana daskarar da ita da gam, a sa da safe a cire da yamma. Hoto kaɗai ke saura, shi ya sa littafin hotuna, wanda Japanawa ke kira shashinshu, ya zama sana'a mai zaman kanta.

Irinsa biyu ne. Akwai wanda ƙwararren mai hoto ke yawo taruka ya tattara fuskoki daban-daban, kamfanin ɗab'i ya buga. Akwai kuma wanda mai shigar ke bugawa da kuɗinsa, wannan ne ya fi yawa kuma ya fi nuna gwaninta. Babbar kasuwarsa ita ce Comiket, taron baje kolin littattafan da masoya ke bugawa da kansu, da aka fara a Tokyo a 1975, wadda yanzu ake yi a zauren Tokyo Big Sight sau biyu a shekara, Agusta da Disamba. Wasu kan sayar da hotunan a faifai maimakon takarda.

Girman da aka saba amfani da shi B5 ne, milimita 182 da 257, ko A4. Idan siririn littafi ne, da waya ake ɗinke shi a tsakiya kamar littafin rubutun 'yan makaranta, don haka dole yawan shafukan ya rabu gida huɗu daidai: 16, 20, 24, 32. Wanda ya kai wa maɗaba'a shafi 22, ko ya ƙara biyu ko ya zubar da biyu. Idan ya yi kauri sai a koma ɗaurin gam, nan kuma matsalar ita ce tsakiyar littafin tana haɗiye hoto. Hoton da ya cike shafi biyu, kada fuska ko ido su faɗa kan layin ɗaurin, in ba haka ba hanci ya ɓace.

Maɗaba'un Japan suna neman hoto mai ɗigo 350 a kowane inci, da rarar milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya kullum. Wanda bai bar rarar ba zai ga farin zare a bakin shafi.

Inda aka fi kuka shi ne launi. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, takarda kuwa da tawada huɗu. Launukan da anime ya fi so, ruwan hoda mai ƙyalli da shuɗi mai ratsin kore, su ne tawadar ba ta iya kaiwa gare su. Gashin da ke walƙiya a allo sai ya fito a dushe, fata ta yi duhu, baƙin yadi ya cure ya haɗiye ɗinkin da aka sha wahala a kansa. Maganinsa a juya hotunan zuwa tsarin tawada huɗun nan, wato CMYK, tun kafin a aika, a ɗaga hasken inuwa kaɗan, a nemi bugun gwaji. Wasu maɗaba'un suna ƙara tawada ta biyar, ruwan hoda mai ƙyalli, don fata ta fito da kyau, amma da ƙarin kuɗi. Gyaran fuska a kwamfuta ma yana da iyaka: a allo ba a lura, a takarda mai sheƙi kuwa fatar sai ta koma kamar roba.

Sai batun izini. A Comiket ba a zuwa da shigar daga gida, a ɗakin canja kaya ake sawa, kuma ba a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi. Yardar ɗauka daban, yardar bugawa a sayar daban, a nemi ta biyun a rubuce. Shi kansa tauraron mallakar mai zanensa ne da kamfaninsa. Galibi suna kau da kai ga ɗan ƙaramin bugu na masoya, wasu kuma sun fitar da ƙa'idojinsu a fili, sai a karanta su kafin a kai aiki maɗaba'a.