Saikodirama

Saikodirama hanya ce ta jinyar masu fama da damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa, inda majinyaci ke tashi ya kwaikwayi abin da ke cin ransa a gaban wasu mutane, maimakon ya zauna ya ba likita labari da fatar baki. Sunan ya samo asali daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin rai, ɗaya kuma aikatawa. Ana lissafa ta cikin dangin jinya da fasaha, tare da jinya da zane, da kiɗa, da rawa. Ba a rubuta wasan tun da farko, ba a kuma haddace komai. Rayuwar majinyacin ita ce labarin.

Asali

Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Jacob Levy Moreno. An haife shi a Bucharest ta ƙasar Romaniya a 1889, ya tashi a Vienna, babban birnin Ostiriya, inda ya gama karatun likita a 1917. Tun yana ɗalibi yakan tara yara a lambunan birnin yana ba su tatsuniyoyi, sannan ya sa su kwaikwayi abin da suka ji. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Mitterndorf, a nan ya fara lura da yadda zama da wanda rai ke so, ko wanda rai ba ya so, ke taɓa lafiyar mutum.

Mabiyansa suna ɗaukar 1 ga Afrilu, 1921 a matsayin ranar da aka haifi saikodirama. A daren nan Moreno ya hau dandamalin wani gidan wasa a Vienna, ba 'yan wasa, ba labari, sai kujerar mulki da kambi. Ostiriya a lokacin ta rasa daularta, jama'a na cikin ruɗani, sai ya gayyaci 'yan kallo su hau su zauna, kowa ya nuna yadda zai mulki ƙasar. Abin bai yi armashi ba, da yawa suka fice. Duk da haka ya buɗe ƙaramin gidan wasa na kansa, wanda 'yan wasa ke ƙirƙirar komai nan take, sau da yawa daga labaran jaridun ranar.

A can ne abin da ya juya tunaninsa ya faru, kamar yadda shi kansa ya ba da labari. Akwai wata 'yar wasa da ya kira Barbara, wadda ta yi suna wajen fitowa a matsayin yarinya mai sanyin hali. Wata rana mijinta ya zo ya kai kuka: matar da jama'a ke gani kamar mala'ika, a gida masifa ce tsagwaronta, har da zagi da duka. Moreno bai yi mata nasiha ba. Ya sauya mata matsayi, ya sa ta fito a matsayin wata karuwa da jarida ta ba da labarin kisanta. Barbara ta zuba duk zafin da ke cikinta a kan dandamali. Bayan wani lokaci mijin ya dawo da labarin cewa rikicin gida ya ragu, in ma ta fara faɗa sai abin ya tuna musu da wasan, su ɓuge da dariya. Daga baya Moreno ya sa su biyun suka hau suna kwaikwayon rigingimunsu na gida. Labarin daga bakin Moreno kaɗai ya fito, kuma mutum ne da ba ya ƙyashin yabon kansa, amma daga nan ne wasan ya tashi daga nishaɗi ya koma jinya.

Ya ƙaura zuwa Amurka a 1925. Ya yi aiki a gidan yarin Sing Sing da wata makarantar horar da 'yan mata a Hudson, sannan a 1936 ya buɗe asibitinsa a garin Beacon na jihar New York, da dandamali zagayayye mai hawa uku. A 1942 ya kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka. Matarsa Zerka Toeman Moreno ta ci gaba da koyarwa a ƙasashe da dama bayan rasuwarsa a 1974, ita kuma ta rasu a 2016.

Yadda ake zama

Abubuwa biyar ake buƙata: mai labari wato majinyacin, jagora wanda shi ne likitan, mataimaka da ke tsayawa a madadin mutanen da ke cikin labarin, 'yan kallo, da fili. Zaman yakan fara da motsa jiki da 'yar hira har mutane su saki jiki, sai wasan kansa, sai kuma a zauna a tattauna.

A ɗauki misalin mace da mahaifinta ya rasu tana wani gari, alhali sun rabu ba daɗi. Jagora ba zai ce ta ba da labari ba, zai ce ta nuna. Ina gadon yake? Ina ƙofa? Wane lokaci ne? Sai ta jera kujeru, ta zaɓi wani daga cikin jama'a ya zama mahaifin. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na zo." Daga nan murya ta sarƙe. Sai wata mataimakiya ta tsaya a bayanta kamar inuwa, ta furta abin da take zaton ya maƙale: "Baba, na ji haushinka, kuma ina jin kunyar faɗa." Mai labarin tana da ikon karɓa ko ta gyara. Can sai jagora ya ce su yi musayar matsayi. Ta kwanta a gurbin mahaifin, mataimakin ya maimaita mata kalamanta, ita ce kuma za ta amsa da bakin uban. Sau da yawa a nan ne mutum ke jin kansa yana cewa, "Na yafe miki tun tuni," ko kuma ya gano cewa yafiyar ba ta zo ba tukuna, wanda shi ma sani ne mai amfani.

Musayar matsayi ita ce ƙashin bayan hanyar baki ɗaya. Akwai kuma dabarar madubi, inda mai labari ke komawa gefe ya kalli wani yana kwaikwayonsa, da dabarar kujerar da ba kowa, inda mai labari ke yi wa kujera magana kamar wani na zaune a kai, wadda likitan ƙwaƙwalwa Fritz Perls ya ɗauka ya shahara da ita a tasa hanyar jinyar. Moreno ya yarda a yi wasan abin da bai taɓa faruwa ba, kamar magana da mamaci ko gwada wata ganawa da ake tsoro kafin ranarta ta zo.

A tattaunawar ƙarshen zama ba a yarda a ba mai labari shawara ko a yi masa fassarar halinsa ba. Kowa yana faɗin abin da wasan ya taɓo a tasa rayuwar ne kawai. Wanda ya tona cikinsa a gaban jama'a yana buƙatar ya ji cewa ba shi kaɗai ba ne. Mataimaka kuma sukan furta a fili cewa sun ajiye matsayin da suka ɗauka, kada wani ya koma gida da nauyin uban wani a kansa.

Rassa

Daga baya wata hanya ta tsiro a gefenta, jinya da wasan kwaikwayo, wadda ta fi amfani da tatsuniya, 'yar tsana da abin rufe fuska, domin majinyaci ya tunkari ciwonsa daga nesa. A Birtaniya sunayen Peter Slade da Sue Jennings ne suka yi fice, a Amurka kuma an kafa ƙungiyar masu aikin a 1979. Jonathan Fox da Jo Salas sun fito da nasu salon a 1975, inda mutum ke ba da labarinsa, 'yan wasa su mayar masa da shi nan take yana kallo.

Amfani da iyaka

Ana amfani da waɗannan hanyoyi a asibitocin ƙwaƙwalwa, gidajen yari, makarantu da cibiyoyin masu barin shaye-shaye. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar da rahoto da ya duba rubuce-rubuce sama da 900 kan fasaha da lafiya, ya kuma nuna cewa fasaha na da rawar takawa wajen rigakafi da jinya. Game da saikodirama ita kanta, binciken da aka yi ya nuna alamun amfani, sai dai yawancinsa a kan mutane kaɗan ne, bai kai yawan wanda aka yi wa wasu hanyoyin jinya da magana ba.

Ƙarfinta kuma shi ne haɗarinta. Wanda ya ga tashin hankali, kamar fyaɗe ko kisa, in aka mayar da shi cikin abin da gaggawa, ana iya fama masa ciwo maimakon a warkar da shi. Shi ya sa horon jagora ke ɗaukar shekaru, tare da ɗaruruwan sa'o'i na aiki a ƙarƙashin kulawar gwani. A Birtaniya doka ta hana kowa kiran kansa mai jinya da wasan kwaikwayo sai ya yi rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya.