Waiwaye: Wa ke duba ruwan Kubanni da Galma?

Kubanni ta taso daga wajajen Shika, ta ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ta bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ta faɗa Galma, ita kuma ta kai ruwan Kogin Kaduna. Duk abin da kwatamin unguwannin nan suka kwaso, ruwan wanki ne, baƙin mai na gareji ne, ko jinin mahauta, can yake tafiya. Da rani kuma da ruwan nan ne masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da tumatir ɗin da ake ci a cikin garin Zariya.

A da, kula da rafi aikin mutanen da ke bakinsa ne. Mai unguwa da dattawa su ke ware mashayar dabbobi da wurin wanki da inda ake ɗiban na sha, kuma marina da majema sun san iyakarsu. Zuwan Turawa ya kawo duba-gari, mutumin da har yau tsofaffi ke tuna shi yana leƙa randa yana cin tara. Tsoronsa ake ji, amma aƙalla ana ganinsa a ƙofar gida.

Daga nan aikin ya koma hannun ma'aikatu. An kafa jami'a a 1962, aka datse Kubanni domin ruwan shan harabarta, aka kuma datse Galma domin famfon gari. Hankali ya karkata ga ruwan da ke shiga matata, na rafi kuwa aka bar shi. Dokar muhalli ta ƙasa ma ba ta zo ba sai da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, a 1988, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, daga baya magajiyarta NESREA a 2007. A shekarar ce kuma aka fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya. A Jihar Kaduna, hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ke riƙe da wannan nauyi.

Bincike dai ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Shekara da shekaru ɗalibai da malamai na ɗiban ruwan Kubanni da Galma a kwalabe, suna auna dalma da sauran ƙarafa masu guba, suna ƙirga ƙwayoyin cuta. Abin da ke ci mini rai shi ne sakamakon yakan ƙare a kundin digiri, da Turanci. Mai lambun da aka ɗebi ruwa a gabansa ba ya jin abin da aka gano. Alhali shi ne ke fara ganin ruwa ya sauya launi, shi ke ganin kifi ya taso matacce. Uwa ce ke fara ganin gudawa ta kama yara uku a layi ɗaya, ko yaro na fitsarin jini bayan ya saba wanka a rafi.

Mun taɓa ganin abin da sa idon jama'a ke iya yi. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. 'Yan sa kai na ƙauyuka ne suka riƙa rubuta duk wanda cutar ta fito masa, suna hana shi shiga tafki, suna raba ƙyallen tace ruwa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya bi ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita. Kwalara kuwa ba ta tafi ba: a 2021 an samu rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton ta kama a faɗin ƙasa.

Gwajin farko ba ya buƙatar babban ɗakin bincike. Akwai 'yar kwalba mai takardar gwaji a ciki, a zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, idan ya yi baƙi to akwai alamar najasa. Akwai dogon bututu na auna gurɓacewar ruwa da ido. Ɗaliban sakandare ko ƙungiyar masu lambu za su iya yi duk wata a wurare uku: sama da Samaru, ƙarƙashin gadar Tudun Wada, da mahaɗar Galma. Ƙarafa masu guba da sauran sinadarai ne ba a ganinsu ta wannan hanya, su dole a kai samfuri jami'a. Sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa, a kai wa mai unguwa da hakimi da sashen lafiya na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, a karanta a masallaci ranar Juma'a, musamman farkon damina lokacin da ruwan sama ke wanko bola zuwa rafi da rijiyoyi.